A Ba Ɗaliban Jinya Damar Riƙe Hannun Na Bayansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi makarantun koyon aikin jinya, wanda na lura ba a cika kawo shi ba idan ana tattauna ƙarancin ma'aikatan lafiya. Na daɗe ina koyar da ɗaliban jinya a aji da kuma gefen gadon majinyaci, kuma abin da zaman ya nuna mini shi ne, dalilin da ya kawo ɗalibi wannan aiki yana iya ƙarfafa, yana kuma iya mutuwa tun kafin a gama shekarar farko, sannan wanda ya fi kowa iya raya shi ko kashe shi shi ne ɗalibin da ya riga shi shiga makarantar da shekara ɗaya ko biyu. Saboda haka nake kira ga shugabannin waɗannan makarantu da su mayar da jagorancin ɗalibi ga ɗalibi wani tsari mai ƙa'ida, maimakon su bar shi a hannun sa'a.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa akwai ma'aikatan jinya kimanin miliyan 27.9 a duniya, su ne kusan kashi 59 cikin ɗari na ƙwararrun ma'aikatan lafiya, amma duk da haka akwai giɓin mutum miliyan 5.9, kuma mafi yawan giɓin yana ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Duk lokacin da aka ambaci waɗannan alƙaluma, maganar da ke biyo baya ita ce a buɗe sababbin makarantu, a ƙara yawan waɗanda ake ɗauka. Ban musa ba, ana buƙatar hakan. Sai dai ba a cika tambayar abin da ke faruwa da waɗanda aka riga aka ɗauka ba, wato wadda ta ajiye karatun a tsakiya, da wanda ya daure ya karɓi takardar shaida amma zuciyarsa ta riga ta bar aikin, yana jiran ƙofar farko da za ta buɗe ya fice. Na biyun ya fi damuna, domin babu wata ƙididdiga da ke kama shi, majinyaci ne kawai ke gane shi daga yadda yake amsa kira cikin dare.

Kusan kowace makaranta tana yi wa masu neman shiga tambaya ɗaya a lokacin ganawa, ita ce me ya sa suke son aikin jinya, kuma kusan kowa amsa ɗaya yake bayarwa, cewa yana so ya taimaki al'umma. Mu masu tambayar mun san an haddace amsar, su ma sun san mun sani. Dalilan gaskiya sai daga baya suke fitowa, idan an saba. Wata ta yi jinyar mahaifiyarta na tsawon lokaci, ta ga yadda wata ma'aikaciyar jinya ke juya ta a gado ba tare da nuna ƙyama ba, ta ƙudurta a ranta ita ma abin da za ta yi ke nan. Wani likitanci ya nema, makinsa bai kai ba, aka ba shi shawara ya karɓi jinya kada ya zauna haka nan. Wata iyayenta ne suka zaɓa mata, domin suna ganin aiki ne na mutunci da ba a rasa gurbi a cikinsa. Akwai wanda lada yake nema wurin Allah, akwai wanda ya ji cewa takardar jinya tana buɗe ƙofar aiki a ƙasashen waje, kuma da yawa sun haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan ba tare da sun iya rarrabe wanne ne ya fi rinjaye ba.

A ganina babu abin kunya ko ɗaya a cikin waɗannan dalilai, kuma ina adawa da ɗabi'ar da wasu abokan aikina ke da ita ta raba ɗalibai gida biyu, masu kishin aikin da waɗanda neman abinci ya kawo su. Gaskiya ne tarihin jinya cike yake da mutanen da suka ɗauke ta a matsayin ibada ko sadaukarwa, tun daga Rufaida Al-Aslamiyya wadda take kula da masu rauni a tantinta a Madina, inda aka kai Sa'ad bin Mu'azu bayan an ji masa rauni a yaƙin Khandaƙ, har zuwa Florence Nightingale wadda ta tafi asibitin soja na Scutari, a ƙasar Turkiyya ta yau, da mata 38 a shekarar 1854 lokacin yaƙin Kirimiya. Amma wannan tarihi mai kyau an sha amfani da shi wajen rufe wa ma'aikatan jinya baki idan sun nemi haƙƙinsu, a ce musu ai aikin lada ne. Mutum yana iya son albashinsa ya kuma so majinyacinsa. Na ga ɗalibar da ta shigo tana kukan rashin samun likitanci ta zama wadda kowa ke so a haɗa shi aikin dare da ita, na kuma ga wadda ta shigo da zumuɗin ceton rayuka ta karaya tun zuwanta asibiti na farko. Masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun daɗe suna bayyana cewa dalilin da ya zo wa mutum daga waje yana iya komawa nasa na ciki idan ya sami abu uku: ya ji yana da ta cewa a abin da yake yi, ya ga yana ƙwarewa, ya kuma ji yana da mutanen da suka damu da shi a wurin. Makaranta tana iya tanadar na farko da na biyu ta hanyar manhaja da malamai, amma na ukun abokan karatu ne suka fi bayar da shi.

Wurin da ake gwada niyyar ɗalibi shi ne ɗakin majinyata. Karatun jinya rabinsa a asibiti ake yi. Dokar Tarayyar Turai, misali, ta tanadi aƙalla sa'o'i 4,600 na horo, kuma ta ce kada aikin gefen gado ya gaza rabin wannan adadi. A can ne ɗalibar da ta ci jarrabawar sassan jiki da maki mai kyau za ta tsaya gaban wani dattijo da na'urar awon jini, ta ɗaura masa maɗaurin a damtse, ta hura, ta sa abin saurare a kunne, ta saki iskar, ta kasa jin komai sai bugun zuciyarta. Dattijon yana kallonta, 'yan uwansa suna kallonta, ma'aikaciyar da ke kula da ɗakin kuwa tana can ƙarshen layi tana canza ledar ƙarin ruwa, da mutum ashirin ko fiye suna jiranta. Ɗalibar tana da zaɓi uku a wannan lokaci: ta je ta katse wa babba aiki ta sha faɗa, ko ta tsaya tana maimaitawa har hannun dattijon ya yi tsami, ko kuma, wanda ya fi muni, ta rubuta lambar da ta gani a awon da ya gabata. Idan akwai ɗalibar aji uku a kusa wadda aka ɗora wa alhakin kula da ita, sai ta matso ta ce mata a hankali, "Ƙanwata, juya bakin abin kunnen ya kalli gaba, ki laluba jijiyar da yatsa kafin ki ɗora, kuma ki riƙa sakin iskar kaɗan-kaɗan." Cikin minti biyu an wuce wurin, dattijo bai san an yi wani abu ba, ɗaliba kuma ta koma masauki tana jin cewa aikin nan zai yiwu.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan aikin malami ne, kuma gaskiya ne malami ba shi da madadi. Amma akwai abin da ƙwarewa ke raba mutum da shi. Patricia Benner, wata malamar jinya a Amurka, ta bayyana a shekarar 1984 cewa ma'aikacin jinya yana bin matakai biyar daga sabon shiga zuwa gwani, kuma sabon shiga yana dogara ne da ƙa'idoji yana bin su ɗaya bayan ɗaya, alhali gwani yana kallon majinyaci sau ɗaya ya gane akwai matsala, ko da bai iya faɗin abin da ya nuna masa ba. Wadda ta shekara ashirin tana sa allurar jijiya hannunta ne ke aiki, ta manta cewa akwai ranar da ba ta san yadda ake riƙe sirinji ba, shi ya sa idan ta zo koyarwa takan tsallake matakai uku ba da gangan ba. Ɗalibar da ta koyi abin bara kuwa tana tune da daidai inda ta maƙale. Hausawa sun ce da na gaba ake gane zurfin ruwa, kuma na gaban da ya fi amfani shi ne wanda bai yi nisan da ba za a ji muryarsa ba.

Bayan haka akwai tambayoyin da ɗalibi ba zai taɓa yi wa mai ba shi maki ba. Ba zai tambayi malamarsa yadda zai yi da tashin zuciya idan yana wanke gyambon da ya ruɓe ba, ko me zai ce wa majinyaciyar da ta ƙi yarda namiji ya taɓa ta, ko yadda ake hana ido rufewa da ƙarfe uku na dare, ko yadda ake shirya wa jarrabawar aiki inda malami ke tsaye da takarda yana kallon kowane motsi. Mafi nauyi a cikinsu ita ce mutuwar farko. Yawancin ɗalibanmu matasa ne da ba su taɓa ganin fitar rai ba, sai ga shi rana ɗaya matar da suka shayar da ruwa da safe an ja mata labule da yamma, an ce su taimaka a cire mata robar ƙarin ruwa, a rufe mata ido, a miƙe mata ƙafafu, a lulluɓe ta. Ma'aikatan da suka saba suna gamawa su koma rabon magani, domin sauran majinyata ba za su jira ba, kuma ba rashin imani ne ya sa su hakan ba. Ɗalibar kuwa takan shiga ɗakin ajiyar kaya ta yi kuka a ɓoye, tana zaton kukan ya tabbatar da cewa ba ta dace da aikin ba. Abin da take buƙata a wannan dare bai wuce wadda za ta zauna kusa da ita ta shaida mata cewa ita ma haka ta yi bara ba, kuma washegari ta ƙwanƙwasa mata ƙofa su tafi aiki tare. Marlene Kramer, wata malamar jinya a Amurka, ta yi rubutu a shekarar 1974 a kan girgizar da sababbin ma'aikatan jinya ke shiga idan abin da aka koya musu a aji ya ci karo da abin da suka tarar a asibiti, kuma ni dai abin da na gani shi ne wannan girgiza tana somawa tun mutum yana ɗalibi.

Shi ma mai jagorancin ba ya tashi a banza. Wanda zai nuna wa wani yadda ake lissafin ɗigon ƙarin ruwa dole ya koma littafi ya tabbatar, domin yana tsoron a kama shi da kuskure a gaban ƙaninsa, kuma koyarwa wani sashe ne na aikin jinya da zai yi har ya yi ritaya, ko dai ga majinyaci mai ciwon sukari da za a sallama, ko ga uwar da za ta ci gaba da ba ɗanta magani a gida.

Kada mu yaudari kanmu cewa a yanzu manyan ɗalibai ba sa tasiri a kan ƙanana. Suna yi, kuma sau da yawa ta mummunar hanya. Duk wanda ya zauna a irin waɗannan makarantu ya san mulkin siniya, da aike-aiken da ba su da alaƙa da karatu, da tura juniya ta yi duk aikin ƙazanta alhali siniya tana zaune a tebur, da tsawa a gaban majinyata. Tun a shekarar 1986 wata malamar jinya mai suna Judith Meissner ta tambayi abokan aikinta a rubuce ko ma'aikatan jinya cinye 'ya'yansu suke yi, kuma maganar ta bi duniya domin kowace ƙasa ta ga kanta a ciki. Wadda aka wulaƙanta a aji ɗaya tana jiran ta kai aji uku ta rama a kan wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, daga nan ta fita aiki da wannan hali, wata rana ta sauke shi a kan mai naƙuda. Mutane suna yawan ƙorafi a kan faɗan ma'aikatan jinya, kuma duk da cewa gajiya da yawan aiki suna da babban kaso a ciki, ina da yaƙinin cewa wani ɓangare na wannan hali a makaranta ake gadonsa. Tunda dai dangantakar babba da ƙarami tana nan ko mun so ko mun ƙi, abin da ya rage wa hukumar makaranta shi ne ta zaɓi abin da za a riƙa miƙawa ta cikinta.

Wajibi ne in faɗi haɗarin da ke tattare da abin da nake kira a yi, domin na ga inda aka yi shi da garaje ya haifar da ɓarna. Ɗalibi yana miƙa kuskure da irin saurin da yake miƙa daidai. Idan siniya ta saba mayar da murfin allura da hannu biyu bayan ta yi amfani da ita, wanda hanya ce sananniya ta soke kai da allurar da ta taɓa jinin wani, ko ta ɗauka sa safar hannu ya ɗauke mata wanke hannu, ko tana cike takardar awon zafin jiki da bugun jini ba tare da ta auna ba, to juniyarta za ta ɗauka haka ake yi, har ta riƙa ganin abin da malama ta koyar a aji na jarrabawa ne kawai. Saboda haka dole a shata iyaka a fili. Ba da magani, da sa allura, da duk abin da kuskure a cikinsa zai iya cutar da majinyaci, ba a yin su sai a gaban ma'aikaci mai lasisi, kuma ɗalibi ba ya sa hannu a takardar shaidar ƙwarewar ɗalibi ɗan uwansa. Haka nan sirrin majinyaci bai halatta ya zama abin hira a zauren WhatsApp na ɗalibai da sunan koyo ba, balle hotonsa. Idan kuma juniya ta zo da abin da ya fi ƙarfin siniya, kamar baƙin ciki mai tsanani, ko cin zarafi daga wani babba, ko tunanin cutar da kanta, aikin siniya shi ne ta san ofishin da za ta kai ta, kada ta riƙe maganar ita kaɗai.

Abin da na fi jin tsoro shi ne hukumomi su ga wannan tsari a matsayin hanyar tsimi, su ƙi ɗaukar malaman gefen gado, su kuma cike giɓin ma'aikata da ɗalibai. Binciken da wata masaniyar jinya mai suna Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2002 a kan asibitocin jihar Pennsylvania ta Amurka ya gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na yiwuwar mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30. Ƙwararrun ma'aikata ake nufi a wannan bincike, kuma ɗalibai biyu, komai ƙwazonsu, ba sa zama madadin ƙwararriya ɗaya.

Game da yadda za a tsara abin, akwai darasi a cikin shirin da Deanna Martin ta soma a Jami'ar Missouri da ke Kansas City a shekarar 1973, inda ɗaliban da suka riga suka ci wani darasi suke jagorantar zaman bita ga masu ɗaukarsa. Hikimar shirin ita ce darussa masu wahala aka sa wa ido, ba a ware wasu ɗalibai aka ce su ne raunana ba, don haka babu wanda ke jin kunyar halarta. Haka ya kamata a yi a makarantun jinya, a ba kowane sabon ɗalibi jagora tun makon farko, mai ƙoƙari da mai rauni, domin da zarar an ce shirin na waɗanda suka faɗi jarrabawa ne, to ya mutu. Kada a tilasta wa kowa zama jagora, kada kuma a zaɓa da maki kaɗai, domin wanda ya zo na ɗaya a aji ba lallai ne ya iya haƙuri da mai tambaya ɗaya sau uku ba. Sau da yawa wadda ta sha wahala kafin ta gane ta fi iya fahimtar da wani. A ba su horo na 'yan kwanaki a kan sauraro, da gyara kuskure ba tare da muzantawa ba, da iyakar hurumin da aka ba su, a kuma sa wata malama ta riƙa zama da su lokaci-lokaci tana jin abin da ke gudana. A ware wa ganawar lokaci a cikin jadawalin mako, domin abin da aka ce a yi idan an sami sarari ba a yin sa, kuma a bar ƙofa a buɗe ga duk wanda jininsa bai haɗu da na jagoransa ba ya nemi canji ba tare da an tuhume shi ba. Ɗalibai maza suna buƙatar kulawa ta musamman a nan, tunda rahoton nan na shekarar 2020 ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na ma'aikatan jinya a duniya mata ne, kuma saurayin da ake ta tambaya me ya hana shi zama likita zai amfana da ganin wani namiji a gabansa wanda ya zauna daram a aikin.

Wannan duka ba ya buƙatar sabon gini ko na'ura mai tsada, amma yana buƙatar a girmama wahalar masu yin sa, ko da ta hanyar takardar yabo da za ta shiga fayil ɗinsu ne, ko ambato a ranar 12 ga Mayu da ake bikin ma'aikatan jinya na duniya. Ina kuma roƙon hukumomin da ke ba makarantun jinya izinin aiki, idan sun zo duba ɗakunan karatu da gadaje da littattafai, su ware lokaci su zauna da ɗaliban aji ɗaya ba tare da malamansu ba, su tambaye su wa suke zuwa wurinsa idan abu ya shige musu duhu a asibiti.

Na gode, Malam Edita, da wannan dama da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, Ya ba majinyatanmu lafiya.

Wassalam,
Wata malamar koyar da aikin jinya